Spruce Hill a Filadelfiya: abin da ayyana unguwar tarihi ya tsare da abin da ya gagare shi

Spruce Hill unguwa ce a yammacin birnin Filadelfiya na jihar Pensilbaniya a Amurka. Tana farawa daga wajen titi na 40, inda harabar Jami'ar Pensilbaniya, wadda kowa ke kira Penn, ta ƙare, ta miƙe yamma zuwa titi na 46. Jami'ar ta koma wannan ɓangaren gari ne a 1872, unguwar kuma ta cika da gidaje tsakanin shekarun 1850 da farkon ƙarni na 20, musamman bayan da taragon lantarki ya fara jigilar mutane zuwa tsakiyar birni a shekarun 1890. Yawancin gidajen tagwaye ne: gida biyu masu bango ɗaya a tsakani, hawa uku, na jan bulo, da baranda ta katako a gaba da rufin falalen dutse. Akwai kuma jerin gidaje irin na titin Spruce tsakanin titi na 42 da na 43, waɗanda 'yan'uwan Hewitt suka zana a shekarun 1880.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali suka riƙa ƙaura zuwa bayan gari. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya da masu yi musu hidima sai aka yanyanka shi ɗaki-ɗaki ana ba da haya. A shekarun 1960 aka rushe unguwar Black Bottom da ke kusa, aka tashi dubban mutane, akasarinsu baƙar fata, domin a gina cibiyar binciken kimiyya da faɗaɗa jami'o'i. Wannan tabo bai warke ba, kuma duk wata shawara da ta shafi filaye a yankin ana auna ta da shi. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 gidaje da dama sun zama kufai, fashi ya yi yawa, har a ƙarshen Oktoba 1996 aka kashe wani mai bincike na jami'ar a kan titi cikin unguwar.

Tambayar da wannan nazari ke bi ita ce ko ayyana wurin a matsayin unguwar tarihi ne ya ɗaga shi. Kafin amsa, dole a raba abu biyu da mutane ke haɗawa da suna ɗaya.

Rajista biyu, iko daban

Ta farko ita ce rajistar ƙasa ta wuraren tarihi, wadda dokar tarayya ta 1966 ta kafa, hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi ta ƙasa ke riƙe da ita. Spruce Hill ta shiga wannan rajista a 1998, cikin wata babbar unguwa da aka yi wa laƙabi da unguwar taragon yammacin Filadelfiya. Shiga rajistar ƙasa ba ya hana mai gida komai. Yana iya cire baranda yau, ya rushe gidan gobe, muddin da kuɗinsa yake yi. Abu biyu kaɗai rajistar ke kawowa. Idan aiki ya ƙunshi kuɗi ko lasisin gwamnatin tarayya, sashe na 106 na dokar ya wajabta a duba illar aikin ga ginin tarihi kafin a fara. Sai kuma rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara.

Wannan rangwame shi ne ake yawan tallata wa unguwanni masu fama, don haka ya cancanci a buɗe cikinsa. Ba ya shafar gidan da mai shi ke zaune a ciki. Sai ginin da ke kawo kuɗin shiga: gidan haya, shago, ofis, otal. Dole kuɗin gyaran ya zarce dala 5,000 ko darajar ginin a lissafin haraji, duk wanda ya fi yawa, cikin wata 24. Darajar nan ita ce kuɗin saye, a cire kuɗin fili da abin da aka riga aka rage na tsufa, a ƙara gyaran da aka yi a baya. A ce mutum ya sayi gida dala 400,000, filin ya kai 100,000. Sai ya kashe sama da 300,000 a gyara kafin ya cancanta. Rangwamensa zai kai kimanin 60,000, kuma tun sauyin dokar haraji na 2017 ba a karɓarsa lokaci guda, sai a raba shekara biyar, wato kimanin 12,000 a shekara. Takardar neman kashi uku ce: ta farko tana tabbatar da cewa ginin na cikin waɗanda suka ba unguwar darajarta, ta biyu tana bayyana aikin da za a yi, ta uku tana nuna an yi shi yadda aka ce. Ofishin jiha ke fara dubawa, hukumar tarayya ta yanke. Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne fara fasa bango da cire tagogi kafin amsar kashi na biyu ta dawo. Idan aikin ya saɓa wa ƙa'idoji goma na gyaran ginin tarihi, rangwamen duka ya tafi. Idan kuma aka sayar da ginin kafin shekara biyar, gwamnati na karɓe wani kaso na abin da ta bayar. Jihar Pensilbaniya tana da nata rangwamen na kashi 25 cikin 100 tun dokar 2012, shi ma na gine-gine masu kawo kuɗi ne, kuma abin da ake warewa a shekara yana da iyaka.

Ma'anar wannan a unguwar jami'a a fili take. Dattijuwar da ta shekara arba'in a gidanta, rufi na yoyo, ba ta da rabo a ciki. Mai gidajen haya da ke da akanta da lauya shi ne zai iya cin moriyarsa, shi ma sai aikin ya yi girman da zai biya ɗawainiyar takardun.

Rajista ta biyu ita ce ta birni, wadda Hukumar Tarihi ta Filadelfiya ke riƙe da ita. An kafa hukumar a 1955, dokar 1984 kuma ta ba ta ikon ayyana unguwa sukutum maimakon gini ɗaya-ɗaya. Wannan ce mai haƙora. Duk aikin da ya shafi wajen gini, sai hukumar ta sa hannu kafin sashen ba da lasisi na birni ya ba da izini. Amma ba ta zuwa da ko sisin kwabo.

Wa ya ɗaga unguwar

Farfaɗowar Spruce Hill ta faru ne a lokacin da ba ta cikin rajistar birni. A zamanin shugabancin Judith Rodin, daga 1994 zuwa 2004, Penn ta zuba kuɗi a yankin ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Ta ƙara 'yan sandanta da fitilun titi. A 1997 ta haɗu da wasu cibiyoyi aka kafa ƙungiyar da ke share tituna da sintiri a yankin jami'o'in. Ta sayi kufai ta gyara ta sayar. Ta ba ma'aikatanta tallafin dala 15,000 idan suka sayi gida a kusa suka zauna a ciki. Sannan a 2001 aka buɗe makarantar Penn Alexander, ta gwamnati ce amma jami'ar na ƙara mata kuɗi a kan kowane ɗalibi. Wannan makaranta ta fi komai tasiri. Gidan da ke cikin iyakar da take ɗaukar yara ya zama abin rububi, har a 2013 aka koma yin ƙuri'a don shiga ajin farko bayan iyaye sun fara yin layi a waje cikin sanyi kwanaki kafin ranar rajista.

Mai son adana gine-gine zai ce tsofaffin gidajen ne suka ja masu saye, kuma da gaskiyarsa. Ba don barandun nan da manyan itatuwa da filin shaƙatawa na Clark Park ba, da tallafin jami'a bai isa ya sa malami ya zauna ba. Amma kyawun gini abu ne, dokar ayyanawa wani abu ne daban. Gidajen sun tsira har zuwa 1996 ne saboda babu wanda yake ganin ribar rushe su.

Ƙoƙari uku

An fara neman shigar da unguwar rajistar birni a ƙarshen shekarun 1980, abin bai kai ga nasara ba. A 1991 kotun ƙoli ta jihar ta yanke, a shari'ar gidan sinima na Boyd, cewa ayyana gini ba da yardar mai shi ba ya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Kotun ta janye wannan matsayi a 1993, amma tsakanin nan aikin hukumar ya yi sanyi. Aka sake gwadawa a farkon shekarun 2000. A wannan karon masu adawa sun haɗa da masu gidajen haya da kuma tsofaffin mazauna da ke tsoron tsadar gyara, wasu kuma na kallon shirin a matsayin wata hanyar da jami'a da sababbin zuwa za su mallake unguwar. Kansilar yankin ta lokacin, Jannie Blackwell, ta gabatar da ƙudurin da zai mayar da ikon ayyana unguwa hannun majalisar birni, sai aka ajiye takardar neman ayyana unguwar.

Abin da ya canza bayan shekara ashirin shi ne lissafin fili. Birnin ya daɗe yana yafe harajin sabon gini na shekara goma, kuma sai daga 2022 aka fara rage wannan yafiya ga sababbin gidajen zama. A filin da dokar tsara gari ta yarda a gina gidaje da yawa, tagwayen gida mai ɗaki shida ko bakwai ba ya iya gasa da sabon bene da za a cika da gadajen ɗalibai. Mai gini ba ya sayen gidan, filin yake saye. Sai aka fara ganin an rushe rabin tagwaye an bar ɗaya rabin da bangon tsakiya a tsirara, wanda ba a gina shi don ya sha ruwan sama ba. Maƙwabta suka fara kare layi-layi da ƙananan ayyanawa. Unguwar Powelton Village da ke jikin Jami'ar Drexel ta shiga rajistar birni a 2022. Ƙungiyar mazauna Spruce Hill ta raba tata unguwar kashi huɗu saboda yawan gidajen ya fi ƙarfin ma'aikatan hukumar a zama ɗaya, kuma a 2024 hukumar ta amince da kashin kudu maso gabas, wanda ya fi kusa da jami'a, duk da adawar manyan kamfanonin hayar ɗalibai.

Yadda abin yake tafiya a aikace

Kowa na iya gabatar da takardar neman ayyanawa, ba sai mai gida ba, kuma ba a buƙatar yardarsa. Wannan ya bambanta da rajistar ƙasa, inda ƙin amincewar mafi yawan masu gidaje ke dakatar da shigarwa. Takardar na ɗauke da taswirar iyaka, tarihin wurin, da bayanin kowane gini da hotonsa, an kasa su uku: mai muhimmanci, mai taimaka wa darajar unguwa, da wanda bai taimaka ba. Idan ma'aikata suka tabbatar takardar ta cika, sai a aika wa masu gidaje wasiƙa aƙalla kwana 60 kafin zama. Daga ranar aika wasiƙar ikon hukumar ya fara aiki. Shi ya sa watannin da ke gaban wasiƙar su ne mafi hatsari: da zarar labari ya bazu, masu niyyar rushewa na gaggawar neman izini, kuma wanda ya riga wasiƙar ya tsira. Unguwar da ta yi shekara biyu tana taron jama'a kafin ta miƙa takarda tana iya rasa gidajen da ta fi son karewa. Bayan haka kwamitin ayyanawa ya saurari jama'a ya ba da shawara, cikakkiyar hukuma ta kaɗa ƙuri'a, wanda bai gamsu ba ya tafi kotu.

Bayan ayyanawa ba a tilasta wa kowa ya mayar da gidansa yadda yake a 1890. Tagar roba da ke nan tana nan har sai ranar da aka zo canza ta. Mafi yawan neman izini, sama da kashi 90 cikin 100 a ƙididdigar hukumar, ma'aikata ne ke sa hannu cikin 'yan kwanaki ba tare da zama ba. Ragowar, irin ƙarin hawa ko cire baranda, su ke zuwa gaban kwamitin masu zane. Ginin da aka ce bai taimaka ba ana iya rushe shi. Filin da yake fanko ranar ayyanawa kuwa, hukumar ra'ayi kawai take bayarwa a kan abin da za a gina, ba ta da ikon hanawa.

A fannin gyara, wasu ƙa'idojin na ceton mai gida daga ɓarnar ɗan kwangila. Bulon ƙarni na 19 mai laushi ne, an ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Idan birkila ya cike tsagoginsa da siminti mai tauri, danshi ba ya samun mafita ta tsaga, sai ya bi ta cikin bulon. Sanyi ya zo ruwan ya daskare, fuskar bulon ta ɓare. Wanke bango da feshin yashi yana cire ɓawon da wuta ta gasa, bangon ya koma shan ruwa. Lulluɓe kwalliyar bakin rufi da gwangwanin alminiyom yana ɓoye yoyon indararon da ke cikin rufin, katako ya ruɓe shekaru ba wanda ya gani. A waɗannan, hanin hukumar riba ce. Amma a tagogi da rufi tsadar gaskiya ce. Tagar katako da aka yi daidai da tsohuwa ta ninka ta roba a kuɗi, gida mai hawa uku kuma yana da tagogi da yawa a fuska. Mafita mai sauƙi da ake yawan mantawa ita ce gyara tsohuwar: a canza igiyar nauyi da ke riƙe tagar idan an ɗaga ta, a sabunta abin riƙe gilashi, a toshe kafofin iska, a ƙara tagar kariya a kai. A bangon baya da ba a gani daga titi, hukumar kan sassauta.

Gidan titi na 40 da Pine

Ko rajistar birni ba katanga ce da ba a tsallakewa ba. A kusurwar titi na 40 da Pine akwai wani babban gida na shekarun 1850 da ke cikin rajistar birni tun shekarun 1970. An mayar da shi gidan jinyar tsofaffi, aka manna masa gine-ginen bulon siminti da suka ɓata kamanninsa. Penn ta saye shi a 2003. Aka kawo shirin gina dogon otal a bayansa tare da gyara gidan, maƙwabta suka ƙi saboda tsayin. Daga baya jami'ar ta koma gaban hukumar da hujjar matsin kuɗi, wato babu wani amfani mai ma'ana da za a iya yi da ginin yadda yake. Dokar ta yarda da rushe irin wannan gini a hali biyu kaɗai, wannan da kuma larurar jama'a. Hukumar ta amince a 2012, aka yi ta shari'a, aka rushe gidan a 2015, aka gina gidajen haya a wurin. Hujjar matsin kuɗi ana auna ta da ginin ne, ba da aljihun mai shi ba, shi ya sa cibiya mai dukiya irin Penn ta iya cin nasara da ita. Kuma mai shi da zai iya barin gini a rufe shekara goma yana da makamin da maƙwabta ba su da shi, domin kowace damina na ƙara wa hujjarsa ƙarfi.

Abin da ayyanawa ba ta taɓawa

Hukumar ba ta da ruwa da cikin gida, ba ta da ruwa da yawan mutanen da ke kwana a ciki, ba ta da ruwa da kuɗin haya. Ana iya barin fuskar gida tsaf a cika cikinsa da ɗakunan ɗalibai. Dokar da ta hana fiye da mutum uku marasa dangantaka zama a gida ɗaya tana cikin dokar tsara gari ne, sashen lasisi ke da alhakin aiwatar da ita. Matakin da Penn ta ɗauka daga 2021 na wajabta wa 'yan shekara ta biyu zama a cikin haraba ya taɓa kasuwar haya kai tsaye ta hanyar da babu wata rajista da za ta iya. A gefe guda, rukunin gidaje 70 na masu ƙaramin ƙarfi da ke titi na 40 da Market, a kan tsohon filin Black Bottom, mai su ya sanar a 2021 cewa ba zai sabunta yarjejeniyar tallafin haya da gwamnatin tarayya ba, mazauna suka watse duk da zanga-zangar 2022. Babu wata ƙa'idar taga ko baranda da ta shafi wannan.

Binciken da masana tattalin arziki, cikinsu har da Ingrid Gould Ellen da Edward Glaeser, suka yi a kan unguwannin tarihi na birnin New York ya dace da abin da aka gani a nan. Darajar gidaje ta fi tashi bayan ayyanawa a wuraren da dama can ba a iya gina dogayen benaye, sabon gini kuma ya ragu a cikin iyakar. Raguwar sabon gini ita ce farashin da masu adawa ke nunawa, kuma a unguwar da ke da layukan tarago da dubban ɗalibai ba ƙaramin farashi ba ne. Amsarsa ita ce a zana iyaka da hankali, a bar manyan tituna irin Market da Chestnut su ɗauki dogayen gini, a tsare layukan ciki. Idan aka rufe ko'ina, matsin na tsallakawa zuwa unguwar gaba da ba ta da ƙungiya mai ƙarfi ko kuɗin ɗaukar masani ya rubuta mata takarda.

Ayyanawa birki ce, ba inji ba. A Spruce Hill ta 1996, inda matsalar ita ce babu mai saye kuma banki ba ya ba da bashin gyara fiye da darajar gida, da ba ta ƙara komai ba sai layin neman izini. A Spruce Hill ta 2024, inda kuɗi ya yi yawa har yana cin gidajen, ita ce kusan kayan aiki ɗaya da ke hana rushewa. Unguwar da har yanzu take fama tana buƙatar abin da ke sa kuɗi a hannun mai gida tukuna. A Filadelfiya waɗannan suna nan amma a wasu ofisoshi: shirin birni na gyara rufi, wayar lantarki da famfo kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi, shirin jiha na 2022 da aka ware wa dala miliyan 125, mai ba da har dala 50,000 a gida, da shirin da ke ƙayyade hauhawar harajin gida ga wanda ya shekara goma a gidansa. A 2019 majalisar birni ta ƙara wa gine-ginen da ke rajista wasu sauƙaƙe, kamar izinin ƙara ƙaramin sashen haya a gida da rage wajabcin wurin ajiye mota. Izinin ƙara sashen hayar shi ne ya fi kusa da biyan mai gida kuɗin tagarsa, tun da hayar sashe ɗaya a unguwar ɗalibai na shigowa kowane wata, amma sai gidan ya kasance cikin rajistar birni, kuma sai sashen ya cika sharuɗɗan kashe gobara da hanyar fita kafin a ba shi lasisin haya.